Majigin Maƙogwarona a Zauren Coci

Seumalo Petelo Vaifale,
Lamba 14, Titin Mallee,
Woodridge, Logan,
Jihar Queensland.

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga:
Farfesa Judith Carmody,
Shugabar Kwamitin Kula da Ɗa'ar Bincike a Kan Ɗan Adam,
Asibitin Koyarwa na Kingsmere,
Brisbane.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: Ƙorafi a kan Dokta Hamish Treloar, jagoran binciken duba hanyar numfashi ga masu toshewar numfashi cikin barci, bisa nuna majigin jikina a gaban ikilisiyata ba da yardata ba

Ina miƙa gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da kujerarki. Ina kuma roƙon alfarma guda tun kafin in shiga magana: ki karanta wannan takarda da idonki har ƙarshe, kada ki tura ta ofishin nan da ya saba amsa mini da wasiƙar da aka buga wa kowa, aka cike sunana da biro.

Ni ne Seumalo Petelo Vaifale, ɗan asalin tsibirin Samoa, mai shekara sittin da ɗaya, mazaunin Logan shekara ashirin da bakwai. A littafin bincikenku ni ne mai lamba 047. A wurin aiki ni ne mai tuƙa motar ɗaga kaya a ma'ajiyar sanyi, ba mai tunawa da ni sai in kaya sun makara. Amma a ikilisiyarmu ta Woodridge ni ne mai magana da yawun jama'a. Seumalo ba sunan haihuwata ba ne, sarauta ce da dangina suka naɗa mini. Shekara goma sha tara ke nan duk baƙon da ya taka ƙofarmu, ni nake miƙewa da sandar magana da izgar zaren kwakwa in tarbe shi, in jero kirarin ƙauyensu da na kakanninsa ba tare da na leƙa takarda ba.

Ranar Asabar 15 ga Maris za mu buɗe sabon ginin cocinmu, wanda muka yi shekara goma sha huɗu muna fama da shi. Baƙi za su zo daga Samoa da Auckland da Sydney. Jawabin tarbarsu nawa ne, tun ana haƙa harsashi nake shirya shi a kaina. An karɓe shi daga hannuna saboda abin da ma'aikacinku ya yi mini, kuma daga yau saura kwana arba'in. Ga yadda abin ya faru, daki-daki.

1. Ba na musun cewa ina da larura. Na daɗe ina minshari, kuma matata Talaleu ta daɗe tana cewa numfashina yana ɗaukewa cikin barci har sai ta zungure ni. Gwajin barci ya nuna yana ɗaukewa sau hamsin da takwas a kowace awa. An ba ni na'urar nan mai hura iska ta takunkumi, na yi wata biyar ina kokawa da ita, ta gagare ni. Daga nan likitana ya tura ni binciken Dokta Treloar. Ranar Alhamis 23 ga Mayu, 2024, ma'aikaciyar jinya Bronwyn Askew ta yi mini bayani a ɗaki na huɗu: za a yi mini allurar barci, a zura siririn bututu mai kyamara ta hancina, a kalli inda maƙogwaron ke rufewa, ko ganda ce, ko gefen maƙogwaro, ko tushen harshe, don a san ko tiyata ce ta dace da ni ko wata dabara. Na tambaye ta wa zai ga hoton. Ta ce, "Likitoci kawai, Mista Vaifale, ka kwantar da hankalinka." Talaleu tana zaune a gefena, za ta ba da shaida. A shafi na shida, sakin layi na tara, an rubuta cewa ana iya amfani da hoton wajen koyarwa "bayan an ɓoye duk abin da zai sa a gane mai shi." A kan wannan alkawari na sa hannu.

2. An yi aikin ranar Talata 11 ga Yuni da ƙarfe tara da rabi na safe. Ba ni da ƙorafi a kan yadda aka kula da ni a ranar. Na farka hancina yana zafi, aka ba ni shayi da biskit, muka koma gida. Abin da ba a gaya mini ba shi ne kyamara biyu ce: ɗaya a cikin maƙogwarona, ɗaya a sama da gadon tana ɗaukar jikina tun daga kai har cibiya. Takardar da na sa wa hannu kuwa kyamara ɗaya kawai ta ambata.

3. A watan Oktoba Dokta Treloar ya kira ni da kansa, da murya mai daɗi. Ya ce mutanen tsibirai irinmu ne wannan larura ta fi kamawa, amma su ne suka fi ƙaranci a bincikensa, ko zan taimaka in buɗe masa ƙofa wurin mutanena. Na ji daɗi, ban ɓoye ba. Fastonmu Eteuati da dattawan ikilisiya ba su so ba, suka ce zauren coci ba asibiti ba ne. Ni na yi ta zarya tsakaninsu har suka yarda, na ce mutumin kirki ne, in wani abu ya faru a kama ni.

Ya zo ranar Lahadi 17 ga Nuwamba, bayan sujada, lokacin da kowa ya hallara a zaure don cin abincin rana. Mutane sun kai ɗari uku. Na miƙe da sandata na tarbe shi har tsawon minti goma sha biyar, na ba shi girman da muke ba manyan baƙi, na rataya masa sarƙar furanni a wuya da hannuna. Don in ƙarfafa wa mutane gwiwa, na faɗa a bainar jama'a cewa ni kaina an yi mini wannan gwaji kuma ga ni lafiya lau. Yana zaune yana ji, yana gyaɗa kai. Aka zaunar da shi a babban tebur, aka fara zuba masa kafin kowa: naman alade gasasshe, gwaza, da ganyen gwaza cikin madarar kwakwa. Ina so a rubuta wannan a fayil ɗinsa, ranki ya daɗe: ya ci abincinmu, ya nemi ƙari, ya share baki, sannan ya tashi ya yi abin da ya yi.

4. Ya kunna majigi a babban allonmu. An raba allon biyu. A hagu ga cikin maƙogwaro, ja, yana buɗewa yana rufewa. A dama ga ƙaton mutum kwance rigingine ba riga, baki buɗe, miyau na gangarowa. An lulluɓe fuskar da wani hazo-hazo, wannan kam an yi. Amma ba a rufe jarfar da ke damtsena na dama ba, mai ɗauke da sunan ƙauyenmu da manyan baƙaƙe. Ba a rufe jarfar gargajiya da ta taso daga ƙuguna zuwa haƙarƙari ba, wadda na sha wuyar kwana goma sha biyu kafin a gama ta, wadda duk wanda ya taɓa ganin na yi rawa a wurin biki ya san ta kamar yadda ya san ƙofar gidansa. Ba a kuma kashe sauti ba. Ta sababbin lasifikan da muka saya wa mawaƙan coci minsharina ya fito.

Ba a yi daƙiƙa biyar ba sai wata tsohuwa, Mele, ta ɗaga murya daga baya ta ce, "Kai, jama'a! Ai na san wannan injin, shi ya hana mu runtsawa da muka kwana a taron bikin Ista!" Zaure ya kwashe da dariya. Dokta Treloar ya ɗauka iya bayaninsa ne ya burge mutane. Ya ƙara sauti, ya ce, "Matar wannan bawan Allah ta cancanci lambar yabo." Matar tana tsaye taku uku daga gare shi da tiren abinci a hannu. Da aka zo inda numfashina ya ɗauke, ya ce a taya shi ƙirga daƙiƙu, samari suka taya shi da ƙarfi har arba'in da ɗaya, da na yi wata irin zabura na ja iska suka tafa.

Daga nan aka ga hannu ya shiga cikin gashin kaina, ya damƙe, yana juya kaina hagu da dama, wani hannun yana jan haɓata gaba. Na san a ɗakin aikinku wannan aiki ne, ana duba ko hanyar za ta buɗe. A zaurenmu kuwa, kan mai sarauta ne ake juyawa a gaban samarin da ko ta bayansa ba sa gilmawa sai sun rusuna. Kuma 'yan'uwana mata biyu suna zaune a sahun gaba. A wurinmu namiji ba ya ko kishingiɗa a gaban 'yar'uwarsa, balle ta gan shi a kwance ba riga. Babbar yayata Luisa, mai shekara saba'in, ta rufe fuskarta da mafici, ta tashi ta fita. Har yau ba ta iya haɗa ido da ni ba.

5. Wannan sakin layi na rubuta shi sau uku ina yagewa. A ƙarshen majigin, lokacin da allurar ta fara sakina, an ji ina magana. Dokta Treloar ba ya jin harshenmu, shi da mutanensa sun ɗauka sambatun magani ne, suka bar shi. Mutum ɗari uku da ke zauren kuwa duk suna ji. Mahaifiyata nake kira, wadda ta rasu a 1999, ina shekara ta biyu a ƙasar nan, takarduna ba su fito ba, ban samu zuwa jana'izarta ba. Ina cewa, "Inna, ki yafe mini, ban zo ba. Inna, ki jira ni." Ina kuka kamar yaron goye. Ko Talaleu ban taɓa gaya mata abin yana cina ba.

Dariya ta tsaya cak. Wannan shirun ya fi mini dariyar ciwo, domin tausayina suke ji, kuma ba a jin tausayin mai riƙe da sanda. Majigin minti huɗu ne da daƙiƙa goma sha biyu. Ina zaune kusa da Fasto, sandata bisa gwiwa, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ya gama, al'ada ta wajabta wanda ya tarbi baƙo shi zai sallame shi. Na miƙe, ranki ya daɗe, na gode masa. Da bakina na gode masa, na yi masa addu'ar Ubangiji ya kai shi gida lafiya, aka cika masa kwando da abinci ya tafi da shi. Duk abin da zan yafe a duniya, wannan godiya da aka sa na yi ba ta ciki.

6. Aƙalla mutum shida sun ɗauki allon da wayoyinsu. Ranar Talata 'yata da ke Auckland ta kira ni tana kuka, ta gani. Kafin ƙarshen mako ya isa ƙauyenmu a Samoa. A wurin aiki, in na shigo ɗakin shan shayi sai wani ya fara kwaikwayon minshari. Lahadin da ta biyo baya na miƙe zan yi sanarwa, sai minshari ya taso daga sahun samari, iyayensu suna kwaɓarsu suna danne tasu dariyar. Akwai wani mai sarauta a cikinmu, Pulega Aleki, wanda ya yi shekara tara yana harin sandata, alhali ko kirarin ƙauyen matarsa ba ya iya kawowa ba tuntuɓe. A bakin ƙofa, a gaban mutane, ya dafa kafaɗata ya ce, "Seumalo, zauna ka huta mana, ai duk mun ga irin faman da kake yi." Da can bai isa ya dafa ni ba.

7. Ranar Laraba 27 ga Nuwamba na ɗauki hutu a wurin aiki na je ofishin Dokta Treloar. Na jira minti hamsin. Bai tashi ba da na shiga. Ya kira ni Petelo, sunan da yayata kaɗai ke kirana da shi. Da na gama bayani ya ce, "Ai an rufe fuska, Petelo, mun bi ƙa'ida." Na ce jarfa fa? Ya ce, "To ai ku duk kuna da ita." Na tambaye shi, a cikin majigi sama da ɗari da yake da su, me ya sa ya zaɓi nawa? Ya ce nawa ya fi kowanne fitowa sarai, kuma ya so mutane su ga wani nasu don su saki jiki.

Ina roƙon kwamiti ya riƙe wannan amsa da kyau, domin da ita ya kama kansa. Ya san majigin wa ya ɗauko. Ya san ni kaɗai ne daga wannan ikilisiya na taɓa shiga bincikensa. Ya ji na sanar da haka da bakina rabin awa kafin ya kunna. Duk da haka ya kunna. Mutumin da ya ƙware wajen leƙa maƙogwaron mutane bai iya ɗaga kai ya dubi fuskar wanda ke zaune kusa da shi ba. Da zan fita ya ce yana fatan ba zan ɗauki abin da zafi ba, domin mutum arba'in da uku sun rubuta sunansu a ranar, abin da bai taɓa samu a wuri ɗaya ba. Murna yake yi.

8. Ranar Lahadi 8 ga Disamba dattawan ikilisiya suka zauna a kaina. Ba su zarge ni da laifi ba, sai dai sun tuna mini ni na kawo shi, ni na ce a kama ni. Suka ce baƙin da za su zo a watan Maris duk sun ga majigin, kuma ba zai yiwu wanda aka yi wa dariya, ba a wanke masa fuska ba, ya tsaya da sunan ikilisiya a gaban manyan ƙasarmu. Aka ba Pulega Aleki jawabin. Fasto Eteuati, wanda ni na tarbe shi ranar da ya fara zuwa Logan, ya kasa dubana. Ya ce, "Seumalo, ba mu ƙwace ba, ajiyewa muka yi. In wanda ya ɓata ya zo ya gyara yadda ake gyarawa kafin ƙarshen Fabrairu, sandarka tana nan." Na miƙa sandar da hannu biyu, na fita.

Ranar 19 ga Disamba wasiƙa ta zo daga ofishin Dokta Treloar, layi biyar. Tana cewa sun yi nadama "idan" raina ya ɓaci. Idan! Ba sa hannunsa ba ne ma a ƙasa, wani ne ya sa a madadinsa. Ranar 14 ga Janairu kuma saƙo ya shigo wayata daga ofishin nan dai, ana tuna mini in zo a sake duba ni, ana kirana "abokin tafiyarmu mai daraja," da ɗan hoton fuska mai murmushi a ƙarshe. Har zuwa yau, wata bakwai da 'yan kwanaki bayan an zura mini bututu, ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini abin da aka gani da maganin da ya dace da ni. Ikilisiyata ta riga ni sanin cewa tushen harshena ne ke rufe hanya.

9. Ba zan ɓoye wa kwamiti abin da na yi ba, don kada a ji daga bakin wani. Tun daga Disamba nake bin gidajen mutum arba'in da ukun nan ɗaya bayan ɗaya, bayan na tashi aiki. Ban tilasta wa kowa ba. Zama nake yi in tambaye su ko suna so a ga nasu a allo. Arba'in da ɗaya sun janye sunansu, biyun da suka rage kuwa 'yan gidan Pulega ne. Na rubuta wa masu magana na ikilisiyoyinmu da ke Inala da Goodna da Ipswich, na kuma sanar da abokaina 'yan tsibirin Tonga. Duk ƙofar da Dokta Treloar zai ƙwanƙwasa a kudancin Brisbane, na riga shi isa.

Na san wannan yana da illa. A cikin waɗanda suka janye akwai ƙanin matata, Iosefa, direban babbar mota, wanda larurarsa ta fi tawa, har gyangyaɗi yake yi a kan hanya. Talaleu ta tare ni ta ce, "Seumalo, mutum ɗaya ya yi maka laifi. Ƙanena me ya yi maka?" Na kai Iosefa wani asibiti da kaina, suka ce sai watan Agusta. Ina addu'a kullum kada wani abu ya same shi. Amma ba ni na ɓata wannan hanya ba, kuma wannan nauyi ma a wuyan Dokta Treloar na ɗora shi. Ban ce binciken ba shi da amfani ba. Mutanena suna bukatarsa fiye da kowa, shi ya sa abin da ya yi ya fi muni.

Bisa waɗannan dalilai, cikin ladabi, ina neman kwamiti ya ɗauki matakai kamar haka:

(a) A goge majigina duka biyu daga kowace na'ura, a ba ni takardar shaida mai sa hannunki, tare da jerin duk wuraren da aka taɓa nuna shi. Na ji an yi taron likitoci a Adelaide a watan Satumba, ina so in san ko can ma an kai ni.

(b) A binciki yadda aka yi kyamara ta biyu ta shiga ɗakin ba ta cikin takardar yarda, a kuma sanar da duk sauran waɗanda aka ɗauka ba su sani ba.

(c) A dakatar da Dokta Treloar daga jagorancin wannan bincike, a ɗora wani. Ba gargaɗi nake nema ba, ba kuma a tura shi kwas na yini ɗaya ya dawo da takardar yabo ba. Ina so ya san yadda ake ji in an karɓe wa mutum abin da ya yi shekaru yana ginawa, ya miƙa shi da hannunsa ga wanda bai kai shi ba.

(d) A ba ni sakamakon gwajina ta hannun wani likita dabam.

(e) Wannan shi ne babba, kuma na san ba ya cikin littafin dokokinku, don haka zan yi bayaninsa. A wurinmu, in mutum ya yi wa wani babban cin mutunci, ba wasiƙa yake aikowa ba. Zuwa yake yi da sassafe shi da manyansa, ya zauna a ƙasa a gaban gidan wanda ya ɓata wa, a lulluɓe shi da tabarmar girma tun daga kai, ya sunkuya, ya yi shiru. Ba ya tashi, ba ya magana, sai wanda aka ɓata wa ya fito ya ɗage tabarmar da hannunsa. Daga nan magana ta mutu, ba mai sake tayar da ita, kuma wanda ya ɗage ya fi ƙarfin dariyar kowa. Wannan shi ne gyaran da dattawa suke nufi. Ina neman Dokta Treloar ya zo ya yi haka a filin da ke gaban tsohon zaurenmu, inda ya yi ɓarnar, ranar Asabar 22 ga Fabrairu da ƙarfe shida na safe, tare da babba ɗaya daga asibitinku. Ba sai ya nemi tabarma ba, Fasto ya ce zai ba da aron tasa.

Ina tabbatar wa kwamiti ba wanda zai taɓa shi, ba wanda zai zage shi. Zan ɗage tabarmar, domin ni Kirista ne, kuma al'ada ba ta yarda a bar mutum a ƙarƙashinta har abada ba. Zan shigar da shi zaure in ciyar da shi, washegari in koma gidajen nan arba'in da ɗaya in ce su mayar da sunansu, Iosefa a gaba. Sai dai gaskiya ta sa in faɗa tun yanzu cewa al'ada ba ta ƙayyade lokacin ɗagewa ba, ta bar wannan a hannun wanda aka ɓata wa. Kin san zafin ranar Fabrairu a Logan, filin kuma kwalta ne, ba ko bishiya. Ina ba shi shawara ya karya kumallo sosai, kuma kada ya ajiye motarsa a wurin da ba a yarda mota ta wuce awa biyu ba.

Idan kuwa ya ga ya fi ƙarfin zama a ƙasa, to ranar 15 ga Maris zan sa farar rigata in je in zauna a sahun baya. Zan saurari Pulega Aleki yana tuntuɓe da sunayen kakannin baƙinmu a cikin ginin da na ɗauki bulonsa a kafaɗata, ba zan gyara masa ko ɗaya ba. Wannan rana ba ta dawowa, ba a buɗe coci sau biyu. Ranar Litinin 17 ga wata kuma zan fara kai ƙararsa: hukumar rajistar likitoci, masu ba bincikensa tallafi, kowace mujalla da zai aika wa sakamakonsa, kowane taro da za a rubuta sunansa a jerin masu jawabi. Ni mutum ne da ya haddace zuriyar ƙauyuka sama da sittin, ba na mantuwa. Saura mini shekara shida in yi ritaya, bayan nan kuma ba ni da wani aiki a duniya sai Dokta Hamish Treloar.

Ina sa ran amsarki a rubuce kafin ranar Juma'a 14 ga Fabrairu, don in sanar da dattawa. Na haɗo da kwafin takardar yarda, da wasiƙar 19 ga Disamba, da sunayen shaidu goma sha biyu waɗanda suka ce a shirye suke su bayyana gaban kwamiti.

Ina roƙon gafara in harshena ya yi kaifi a wani wuri, ba da ke nake ba. Ubangiji ya ba ki basira a wannan aiki, ya ƙara miki lafiya da girma.

Naki cikin ladabi da biyayya,

Seumalo Petelo Vaifale
Mai lamba 047 a binciken

Kwafi zuwa ga: Fasto Eteuati da dattawan ikilisiya, Woodridge.